Gardamar Da Ta Tashi A Gidanmu Kan Fim Ɗin Fatalwa

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in ba da labarin wata gardama da ta tashi a gidanmu a nan Yanbu, wani daren Jumma'a cikin sanyin shekarar 2022. Gardamar a kan wani fim ce, abin nan da tsofaffinmu ke kira majigi. Na san wani dattijo zai ce, mene ne na ɓata tawada da takarda a kan wasan yara? To, ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, don ni ma haka na ɗauke shi da fari, sai ga shi a daren nan na ji maganar da aka yi fiye da shekara 60 ba a faɗe ta ba a gidanmu.

Saboda masu karatu na nesa, bari in ɗan faɗi inda mu ke. Yanbu gari ne a bakin Bahar Maliya, tsakaninsa da Madina ya fi kilomita 200, kuma kashi uku ne: akwai Yanbu ta dabino can wajen duwatsu, da Yanbu ta bakin teku inda tsohon gari ya ke, da Yanbu ta masana'antu wadda aka kafa wa hukuma a 1975, inda yawancin samarinmu ke aiki a matatun mai. Mu a ta bakin teku mu ke zaune. Kakanninmu kuwa ta ƙasa suka zo daga ƙasar Hausa, suka keta Cadi da Sudan, suka haye teku don aikin Hajji, zama ya kama su. An rufe gidajen silima a ƙasar nan tun farkon shekarun 1980, ba a sake buɗe su ba sai ran 18 ga Afrilu 2018, a Riyad. Saboda haka mu a gaban talabijin na gida muka koyi kallo, manya da yara wuri ɗaya, ana shan shayi, kowa na sa baki.

Daren nan muna da yawa. Ga ni, ga ƙannena biyu, ga ɗan yayata wanda ya zaɓo fim ɗin ya kuma zama tafinta, yana karanta rubutun Larabci na ƙasan hoton yana juya wa tsofaffi da Hausa. Ga Baffa, ƙanen mahaifina, malami ne mai almajirai. Ga wani Alhaji maƙwabcinmu, haifaffen Mai Wurno ta bakin Kogin Nilu, garin nan da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mata suna daga bakin ƙofar ɗakin ciki, cikinsu har da Gwaggo, da Kaka, uwar mahaifina, wadda ba ta cika kallo ba, carbinta kurum ta ke ja.

Sunan fim ɗin His House, watau Gidansa. Wani ɗan Ingila ne, Remi Weekes, ya shirya shi, aka sake shi a Netflix ran 30 ga Oktoba 2020, ya kuma sami lambar BAFTA a 2021 ta wanda ya fi gwaninta a aikinsa na fari. Tsawonsa minti 93. Wanda bai kalla ba ya gafarce ni, tilas in tona labarin, in ba haka ba ba za a gane gardamar ba.

Wani mutum ne, Bol, da matarsa Rial, 'yan kabilar Dinka, suka gudu daga yaƙin Sudan ta Kudu da wata yarinya, Nyagak. Suka shiga kwalekwale da dare za su haye teku, hadari ya taso, yarinyar ta nutse. Su biyu suka kai Ingila. Hukuma ta ba su wani tsohon gida, da sharaɗin kada su yi aiki, kada kuma su tashi daga gidan. Mijin ya dage sai ya zama Bature, yana sayen tufafinsu, yana cin abinci da cokali mai yatsu, ba ya son a ambaci abin da ya wuce. Matar kuwa ta riƙe duwatsun wuyan yarinyar, tana shimfiɗa abinci a ƙasa yadda ta saba. Da dare sai su riƙa jin murya cikin bango. Matar ta ce apeth ne ya biyo su daga teku, watau irin mayen dare na Dinka, ya zo karɓar bashi.

To, ba a yi minti 20 da farawa ba sai ƙanena ya fara tsaki. Ya ce, "Wai yaushe za a fara fim ɗin?" Ɗayan ya jawo wayarsa yana dannawa. In faɗi gaskiya ni ma na jawo tawa. Sai a nuna mutum zaune yana duban bango, a daɗe. A nuna mace ta fita neman asibiti ta ɓata cikin lunguna, ta shiga nan ta fito can, a daɗe. Ɗan yayata ya ɗauki rimot zai tura gaba, sai Gwaggo ta ce daga bakin ƙofa, "Kai, ajiye abin nan." Ya ajiye. Muka dubi juna, don ba mu san tana bi ba.

Can wajen ƙarshe asiri ya tonu. Ashe yarinyar ba 'yarsu ba ce. Ranar gudu motar da ta rage ba ta ɗaukar kowa sai mai yaro, Bol ya ga yarinya cikin taro, ya sungume ta ya ce tasa ce, aka bar su suka shiga, uwar yarinyar ta gaske tana bin motar da gudu tana kiran sunanta. Wannan shi ne bashin. Daga nan mayen ya fito fili zai shiga jikin Bol, matar ta yanka shi, suka gyara bangon da mijin ya farfasa, suka yarda su zauna a gidan tare da matattunsu, har aka nuna su tsaitsaye cike da ɗakuna.

Ana kunna fitila sai gardama ta ɓarke. Samari suka ce an cuce su. Ƙanena ya ce, "In an ce fim na ban tsoro, to, a tsorata ni. Sau nawa gabana ya faɗi? Bai fi uku ba. Sauran duk zaman jiran mota ne. Da an yanke rabinsa da ya yi daɗi." Ɗayan ya ce shi wurin da ya burge shi kurum inda dodon ya fito ne. Ɗan yayata, wanda ya ji kunyar zaɓensa, ya ce ai ba fim ɗin fatalwa ba ne tun asali, na siyasa ne, an yi shi don a nuna yadda Turawa ke wulaƙanta mai neman mafaka, fatalwar ado ce.

Baffa ya gyara zama ya ce, "Ni ba saurinsa ko nawarsa ne ya dame ni ba. Tushensa ne ƙarya. Wanda ya mutu ya tafi ke nan, ba ya komowa ya shiga bango. Camfi ne irin wanda iyayenmu suka baro, ga shi Bature ya ɗauko ya sayar muku." Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa, amma na zauna da Dinka a gonakin auduga na Jazira, mayensu da namu ɗanjuma ne da ɗanjummai. Mu ma ai mun ce maye na kama kurwa. Mai fim bai ce ka yi imani ba, ya nuna maka abin da ke cikin kan mutanen ne."

Sa'an nan Gwaggo ta yi magana. Mijinta ya rasu cikin Afrilu 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da aka hana fita aka rufe masallatai. Ba a yi zaman makoki ba, ta waya aka yi ta yi mata ta'aziyya, ta yi takabarta wata 4 da kwana 10 a gidan da ba mai shigowa. Ta dubi ƙanena ta ce, "Ɗana, ka ce ba abin da ke faruwa a cikinsa. Haka abin ya ke, ba abin da ke faruwa. Ka tashi, ka yi salla, ka dafa shayi, ka ga ka ajiye kofi biyu. Lokacin da ya saba dawowa daga aiki ya yi, ka ji kamar an taɓa ƙofa, ka san ba kowa, amma sai ka duba. Gobe ma haka, jibi ma haka. Mai fim ɗin nan ya san shirun gida. Inda ya ɓata mini shi ne inda ya fito da dodo, don ni da dodo ne ya zo mini da na ji sauƙi, ko ba komai na ga abin da zan jefa da muciya."

Ka ji fa, wurin da samari suka fi so shi ne wurin da mai takaba ta ƙi. Ɗakin ya ɗan yi tsit. Ni kuwa don in kawar da nauyin, sai na juya ga Kaka da wasan nan na jika da kaka, na ce, "To, amarya, ke ba ki ce kome ba. Ko barci kika yi mana?"

Ta ce, "Maigida, idona biyu. A komo mini da wurin likita."

Akwai wani wuri a fim ɗin da likita ke duba Rial, ta ga zane a jikinta. Rial ta gaya mata cewa waɗansu tun tana yarinya aka yi mata su, waɗansu kuwa ita ta yi wa kanta da wuƙa, don kabilu biyu ke kashe juna, sai ta ɗauki shaidar kowacce don ta tsira. Aka komo da wurin, ɗan yayata ya sake fassarawa. Kaka ta ɗaga hannu ta shafa kumatunta. Tun da na buɗe ido na ke ganin tsagen nan a fuskarta, ban taɓa tambaya ba, don mu haifaffun Hijaz ba mu iya karanta fuska ba. Abin da muka sani kurum, mu Kanawa ne gaba da baya.

Ta ce, "Alhaji, kai ka san tsage. Faɗa musu na wane ne wannan."

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, na Gobirawa ne. Tun ranar da na fara ganinki na sani, amma ba hurumina ba ne."

Ta ce, "To, yarinyar nan ta cikin mota, ni ce. Sai dai ni ba sace ni aka yi ba, ban kuma nutse ba."

Ga abin da ta gaya mana, na rubuta shi yadda na ji. Ita da uwarta kaɗai suka taso cikin ayarin mahajjata, tana 'yar ƙarama, ba ta riƙe sunan garinsu ba. Ta tuna Fort Lamy, wadda a ke kira Njamena tun 1973, ta tuna Abashe da Jinena da Fashir, da yadda a kan tsaya wata da watanni a yi ƙodago a tara guzuri kāna a ƙara gaba. Bayan sun wuce Ubayyid zazzaɓi ya kama uwar, kwana biyu ta cika. Aka haƙa rami a gefen hanya aka rufe ta, mai babbar mota yana ta matsa musu su yi sauri. A cikin ayarin akwai waɗansu Kanawa, miji da mata, waɗanda 'yarsu ta rasu tun a Fashir, amma sunanta na nan cikin takardar tafiyarsu. Sai matar ta jawo ta jikinta ta ce, daga yau sunanki wance, ni ce uwarki, in ma'aikata sun tambaye ki haka za ki ce, kada kuma ki yi kuka a gabansu. Da wannan suna ta hau jirgi a Sawakin shekarar da Ingilishi suka bar Sudan, watau 1956, da shi aka ɗaura mata aure, da shi mu ke kiranta.

Ta ce, "Sun riƙe ni riƙon Allah da Annabi, ban taɓa kwana da yunwa ba, Allah ya ji ƙansu. Amma an ce kada in yi kuka, ba a kuwa taɓa zuwa an ce mini to, yanzu kin iya yi ba. Ba uku, ba bakwai, ba arba'in. Sunan 'yar mutane na ke amsawa, uwata kuwa ba mai kiran nata. Ku kuna gardamar sauri da nawa. Ni laifin da na ga mai fim ya yi ɗaya ne: ya bi motar, ya bar matar nan da ke gudu a baya. Ina ta kwana ran nan? Wa ya yi mata ta'aziyya? Ita ya kamata a bi."

Baffa, ɗan da ta haifa, mai shekara 50 da ɗoriya, ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce, "Inna, me ya hana ki gaya mana?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni?" Gwaggo ta rungume ta, suka yi kuka tare, mu maza muka rasa inda za mu sa idonmu. Alhaji ne ya cece mu. Ɗan yayata ya riga ya gaya mana cewa matar da ta fito a Rial, Wunmi Mosaku, Bayarabiya ce haifaffiyar Zariya, a Ingila ta girma. Sai Alhaji ya ce, "Ai ga shi nan. Wa zai tona asirin Bagobira in ba Bayarabiya ba? Abokan wasa ne tun fil azal." Kaka ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce, "Ja'ira, ta rama."

Kada mai karatu ya zaci gardama ta mutu a nan. Baffa bai janye maganarsa ba, har gobe yana cewa matacce ba ya dawowa, ni ma kuwa ban musa masa ba. Abin da ya ƙara kurum shi ne, haƙƙin mamaci da ba a sauke ba ya kan zauna a ƙirjin mai rai, ba sai ya shiga bango ba. Ran Jumma'a ta gaba ya tara almajiransa aka yi addu'a, aka dafa shinkafa aka raba sadaka da sunan uwar Kaka, da sunan yarinyar nan ta Fashir, da na mijin Gwaggo wanda annoba ta hana a zauna masa. Mata suka shigo suna yi wa Kaka gaisuwa kamar jiya aka yi rasuwar, ita kuwa tana amsawa. Ƙanena ma bai janye ba. Ya ce fim ɗin dai yana da nawa, labarin Kaka ne mai kyau. Na ga ba laifi ya faɗi haka, don yaro ne, iyayensa duka na raye, Allah ya ja kwanansu.

Ni ga abin da na fahimta. Da samari da tsofaffi ba abu ɗaya suka kalla ba, ko da ya ke gaban talabijin ɗaya suka zauna. Wanda bai taɓa binne nasa ba, in ya ga ɗaki shiru sai ya ƙosa, yana jiran abin da zai faɗo daga rufi. Wanda ya binne kuwa, ɗakin shirun shi ne abin tsoron, ya riga ya kwana a cikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ban ce kowane fim mai nawa yana da hikima ba, akwai waɗanda nawarsu ta rashin abin faɗa ce. Hanyar da zan bambanta su yanzu ita ce in dubi fuskar wanda aka yi wa rashi a cikin masu kallo. In ya yi hamma, to, fim ɗin fanko ne. In ya ce a ajiye rimot, sai in ajiye wayata.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne maganar nan ta Kaka, "Wa ya tambaye ni?" Na shekara 30 da wani abu ina cin tuwonta ina tsokanarta, labarin yana rubuce a kumatunta, ban karanta ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, mu ko fuskar ba mu tambaya ba. Tsofaffinmu ba su iya ba da irin wannan labari da sauri. Sai sun yi shiru, sun kewaya, sun faɗi sunan rijiya da na mai mota, kāna su iso inda ciwon ya ke. Mu kuwa mun saba da tura abu gaba da yatsa. Da ɗan yayata ya tura fim ɗin nan gaba ran nan, da wurin likita ya wuce, da Kaka ba ta shafa fuskarta ba.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana samari, na Yanbu da Jidda da Makka da Madina da duk inda takardar nan ta kai, kowa ya sami tsohon gidansu ya zauna, ya kashe waya, ya tambaye shi hanyar da suka biyo da waɗanda suka bari a kanta, ya rubuta sunayen a littafi. Waɗanda suka keta Sudan ta ƙasa saura kaɗan a cikinmu. Ku kuma iyayenmu, in yaro ya tambaya kada ku ce masa ya bari ya wuce, ku gaya masa ko da zai ƙosa. Ni na rubuta nawa, sunaye biyu ne a shafin farko, da wuri ɗaya da ba mu san shi daidai ba, gabas da Ubayyid, a gefen hanya.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, na tudu da na teku. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan zango, Yanbu.